Addu'ar da na yi wa gawar fim

Zuwa ga Yaya Umaru,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan Argungu sai godiya. Da hannuna nake rubuta wannan.

Yaya, na yi abin kunya, kuma ya shafi wakilcin da ka ba ni na nema wa ɗanka Bashiru aure a Gulma. Ranar Asabar na shiga gidan kallo a Gwadangaji, ana nuna fim ɗin wani shugaban 'yan daba da soyayya ta ruɗa. Ban san na barkwanci ba ne. Da aka harbe shi aka shimfiɗe gawarsa, na miƙe a matsayina na babba, na ce a yi masa addu'a ko da mugu ne. Hannuna na sama, sai ya tashi ya bi budurwarsa da gudu.

Da aka fito, wasu suka yaba fim ɗin, wasu suka ce soyayyar ta ɓata shi, amma kowa ya ce ni na fi ba da dariya. Ashe wan yarinyar da muke nema wa Bashiru yana wurin, har ya ce mini, "Baba, Allah ya karɓa!"

Ina ganin a tura Kawu Sani a madadina. Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ƙaninka,
Garba