Fitowar da Muka Ɗauka Sau Uku

Zuwa ga aminina Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe da laifi a wuyansa, tare da fatan wannan takarda za ta riske ka da lafiya a duk ƙasar da Allah ya ajiye ka. Musbahu ne, yayan Bara'atu, wanda kake tsokana da Darakta.

Ba ni da lambarka. Wadda na sani ta mutu tun makon da ka bar gari, shekara biyu ke nan. Wasu sun ce kana acaɓa a Ikko, wasu sun ce an gan ka wajen haƙar zinare a Nijar, wani direban Gezawa ma ya rantse ya hango ƙeyarka a tasha. Na bi kowace magana, ban same ka ba. Shi ya sa na shimfiɗa wasiƙar a fili inda kowa zai karanta, ko Allah zai sa wani ya miƙa maka. Ka yi haƙuri idan na maimaita abin da ka sani, masu tayar mini da kai ba su sani ba.

Ka tuna shekarar da taki ya gagari talaka, aka koma zuba toka da kashin awaki a gindin gero ana addu'a. Mun gama noman farko, babu aikin yi, babu kuɗin mota zuwa birni. A ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidanku na ce maka mu yi fim da wayata mu ɗora a intanet, tunda waɗanda suke yi ba kai biyu gare su ba. Ka yi dariya har da buga ƙafa, sannan ka tambaye ni wa zai zama jarumin, alhali ka riga ka gyara zaman hularka.

Ilimina na fim gaba ɗaya na kwana huɗu ne. Na samo shi a Rijiyar Zaki wurin wani mai ɗaukar bidiyon biki da na riƙe wa jaka. Shi ya ce mini rana ta kasance a bayan mai ɗauka, a yi aiki da hantsi ko bayan la'asar, kada ɗan wasa ya kalli kyamara, kuma rigar da aka fara da ita da ita za a gama. Sai babbar dokarsa, wadda ya sa na maimaita masa kamar hadda: kowace fitowa sau uku ake ɗaukarta. Ɗaya daga nesa a ga kowa, ɗaya a kan fuskar wannan, ɗaya a kan fuskar wancan, in an zo haɗawa sai a tsinci mai kyau. Na riƙe dokar nan da hannu biyu, ina jin na fi kowa sani a ƙauyenmu.

Labarin kuwa a littafin makaranta na rubuta shi. Tanko manomi ya sayar da tunkiyar matarsa Talatu a ɓoye don ya sayi taki, ta gano, rigima ta kai ga saki, daga baya ya yi nadama. Ka ce mini wannan ai ba labari ba ne, gulmar rabin garin ce na kwafe.

Kai ne Tanko, kuma wallahi ka iya. Ranar farko ka yi ta ɗaga murya kana wurga hannu kamar mai tallan magani a kasuwa, sai da na ce ka yi magana yadda kake yi wa Inna idan tana faɗa. Daga nan ka nutsu. Mun ɗaure waya a jikin taɓarya muka kafa ta cikin turmi, muka haska fuskarka da murfin tukunyar silba, muka sa wata wayar a aljihunka tana naɗar murya. Injin niƙan Alhaji Sale yana tashi mu tsaya, yana mutuwa zakara ya karɓa. Ban taɓa jin daɗin wahala irin ta kwanakin nan ba.

Talatu ce ta gagara. Babu uban da zai ba da 'yarsa a sa a fim a garinmu, ko tambayar ma neman zagi ne. Ni ne na kawo dabarar, kuma ina son duk mai karantawa ya ji da kyau: ni ne. Na ce ga Bara'atu, ƙanwata ce, matarka ce, a tsakar gidanku za a yi, ba ta fita ko'ina ba. Miji da mata na gaskiya, wa zai ce an taɓa haram? Ita kuma tun tana ƙarama ta iya kwaikwayon tafiyar kowa a gidanmu. Kafin in rufe baki ta ɗauko tsohon zanenta ta ce wannan ne zanen Talatu.

Ranar Laraba ce, da hantsi. Fitowa ta goma sha ɗaya. Na rubuta wa Tanko kalmar sakin da hannuna, na ja layi a ƙarƙashinta. Mun yi gwaji kana tsallake wurin, kana cewa idan an zo ɗauka za ka faɗa. Ka tambaye ni ko ba za a iya yi da takarda ba, Tanko ya miƙa mata kawai. Na ce a'a, mai kallo yana son ya ji da kunnensa. Har na yi maka gorin cewa jarumin da ke tsoron kalma ya koma noma.

Na ɗauka daga nesa, ka faɗa. Na matso da turmin kan fuskarka, ka faɗa. Na juya kan fuskar Bara'atu, kana tsaye a bayana kana ba ta amsa, ka faɗa. Hawaye ya zubo mata na gaske, ni kuwa daɗi ya cika ni, ina cewa a raina an samu fim.

Babu wanda ya lura da Gwaggo Asabe, yayar mahaifinka, tana bayan zana tana tsintar wake. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi: “Ni dai na ƙirga, uku ke nan.”

Kafin azahar magana ta isa masallaci. Liman ya tara mu bayan salla, ya tambaye ka ko ka faɗa, ka ce ka faɗa. Ya tambaya ko sau uku, ka ce sau uku. Na yi ta rantsuwa wasa ne, ya ce saki yana cikin abubuwan da wasansu gaskiya ne, kuma na san ba ƙirƙira ya yi ba, mu ma mun ji hakan a makarantar allo. Ya ce igiya uku sun tsinke, babu kome sai ta auri wani. Da la'asar Baba ya aiko aka kwashe kayanta. Bai zage ni ba, ya dai ce mini magana zarar bunu ce, sannan ya yi wata biyu bai amsa gaisuwata ba.

Kwana shida ka yi a gari bayan haka. Ranar ƙarshe mun haɗu a kan hanyar gona, ka tsaya ka dube ni ka ce: “Darakta, ka samu yadda kake so?” Washegari aka ce ka bi motar farko.

Ba ka san tana da ciki ba, ita ma a lokacin ba ta tabbatar ba. Ta haifi mace, Baba ya sa mata sunan mahaifiyarka, muna kiran ta Ummi. Tana tafiya yanzu, tana bin kaji har bakin rijiya, sai an riƙa gadin ta. Goshinka ta ɗauko, da taurin kan.

Tun ranar Larabar nan ƙafata ta ƙi zama, Nafi'u. Na cire katin memorin na jefa a gwangwanin man shafawa na rufe, ban sake taɓa kyamara ba. Idan ina noma sai in tsinci kaina tsaye da fartanya a hannu ina sake rubuta fitowar nan a kaina: da takarda, da Tanko ya fita fuu bai ce komai ba, da tunkiyar ma ba a sayar ba. Duk ranar da na samu abin hawa sai in tafi neman malami. Na je Gezawa, na je Tofa, na shiga zauruka da yawa. Wani ya ce liman ya yi daidai. Wani ya ce akwai saɓani amma ba zai sa bakinsa ba sai ga mijin. Wani da ya ji kalmar fim ma bai bari na ƙarasa ba. In dawo gida in ga Bara'atu tana daka, in ji gara ta ɗauki taɓaryar ta buga mini.

Watan jiya aka kwatanta mini wani dattijo a bayan Rijiyar Zaki, tsohon alƙali ne da ya ajiye aiki. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya yi mini tambayar da babu wanda ya taɓa yi, har ni: da wane suna mijin ya kira ta? Na ce masa ban tuna ba. Ya ce to ba ka ce an ɗauka ba? Je ka kawo.

Shekara biyu shaidar tana cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona, tsoro ya hana ni dubawa. Wannan laifin ya fi mini na farko ciwo.

Mun kalla tare a zaurensa, ya sa na maimaita masa har sau huɗu. A ɗauka ta farko cewa ka yi Talatu. A ta biyu ma Talatu, idonka a ƙasa. A ta uku, da kake bayana kana ganin kukanta, bakinka ya kuɓuce ka kira ta Bara'atu.

Ya ce biyun farko labarin wani kake bayarwa, Tanko ne yake magana da Talatu, kai kuwa ba ka da mata mai wannan suna. Ta ukun ce take da nauyi tunda ka ambaci sunanta, don haka a ɗauke ta saki ɗaya domin fita daga shakka. Ɗaya, Nafi'u. Iddarta ta cika da haihuwa, saboda haka ba biko za a yi ba, sabon aure ne da sabon sadaki, in ta yarda. Ya ce ba zai yanke a bayan idonka ba, sai ka zo da ƙafarka an zauna gaban alƙali ka faɗi abin da ke ranka ranar. Ya hau bayan babur har garinmu ya gana da liman, suka daɗe a ciki. Da suka fito liman ya ce ilimi kogi ne, shi abin da aka faɗa masa ya yi wa hukunci, kuma a shirye yake a sake zama. Baba kuwa, ranar da kansa ya miƙo mini kwanon fura.

Ga abin da ya sa nake rubutu cikin gaggawa. Akwai mai neman ta. Malamin firamare ne, matarsa ta rasu, mutumin kirki ne, ba zan yi maka ƙarya a kansa ba. Babu wanda ya matsa mata. Tun kafin maganar dattijon nan ita da kanta ta ce wa Baba a bar ta har a yanke gero, daga nan za ta ba da amsa. Ta gaji da zaman da ba shi da suna, kuma ban ga laifinta ba. Gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun fara sauka. Kullum da safe sai na je na murza zangarniya ɗaya a tafin hannuna in ga saura kwana nawa. Ni da na saba roƙon Allah ya nuna mana kaka lafiya, bana ina kallon gonarmu ina jin kamar in ce mata ta dakata.

Na san kana jin kunya. Na san kana ganin kai ka furta, kai ka gudu, da wane ido za ka shigo gari hannu wofi. Ɗan'uwana, kowa hannunsa wofi ne a shekarun nan. Kada ka tsaya tara abin da za ka riƙo. Ɗakinka yana nan, na yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, gonarka ma ni nake nomawa. Idan fushi kake yi da ni, zo ka yi shi a gabana, na fi kowa cancanta. Na yi kewarka ƙwarai, har tsokanar ma.

Da na faɗa wa Bara'atu abin da dattijon ya ce, ba ta yi murna ba, ba ta yi kuka ba. Ta karɓi wayar ta shiga ɗaki ta kalla ita kaɗai. Da ta fito na ce mata zan rubuto maka, zan tsara maka yadda za ka ba ta haƙuri da abin da za ka faɗa gaban Baba, tunda na san nauyin bakinka. Ta dube ni irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba ta ce: “Yaya, ka gaya masa hukuncin, ka gaya masa gero ya kusa. In zai zo, ya zo da maganar bakinsa. Kada ka sake rubuta masa ko kalma ɗaya da zai faɗa mini.”

To na gaya maka hukuncin, na gaya maka gero ya kusa. Sauran ba ni da izini.

Allah ya kai maka wannan takarda kafin lauje ya shiga gona. Allah ya tsare ka a inda kake, ya buɗa maka hanyar gida, ya sa a bakinka abin da ni ban isa in sa ba. Ya yafe mini abin da na jawo muku, ya zaɓa wa Bara'atu da Ummi abin da ya fi alheri, ko da ba shi nake so ba. Amin.

Wassalam. Naka mai jiran motar Gezawa kowace yamma,

Musbahu