'Yar maƙwabciyata da Ummina

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya gida, ya maigidan da yara? Ya ƙafar Hajiya, da sauƙi dai ko? Mu ma nan Dubai lafiya lau, alhamdulillahi.

Yaya, wani abu ne ya tsaya mini a rai. Maƙwabciyata Ilze 'yar ƙasar Latbiya ce, ba ta jin Turanci sosai. Jiya na shiga wurinta aron dutsen guga, na tarar 'yarta, sa'ar 'yata Ummi, tana koya mata. Yarinyar za ta faɗi kalmar Turanci, ta warware wa uwar ma'anarta da yarensu tiryan-tiryan, suna ta dariya. Wallahi kishi ya turnuƙe ni, ko dutsen ban tsaya karɓa ba.

Ajinsu ɗaya fa da Ummi! Amma ranar Sallah, Hajiya na ta tsokanar Ummi da Hausa a waya, ita kuwa ta juyo tana tambayata da Turanci wai me ake cewa.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Hajiya kuwa, don Allah kada ki gaya mata. Har yanzu tana zaton kunya ce ta hana jikarta amsawa.

Ƙanwarki,
Saude