Kalandar Alhaji Sule

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida da yara, ya ruwan Fatakwal?

Jikin maigidana Malam sai addu'a. Likitoci sun ce mu koma gida, ba sauran magani. Ƙanensa Isiya ke yi mashi wanka, maƙwabta ke mana girki.

Amininsa Alhaji Sule kuwa, tunda soja suka sauka ya samu muƙami, ƙafarsa ba ta ƙara taka Ƙofar Durbi ba. Jiya ya aiko direba da kalandar baɗi mai hotonsa. Kalandar baɗi, Yaya, ga mutumin da muke roƙon Allah ya kai shi azumi. Da ita nake kore wa Malam ƙuda. Ko banza fuskar ta yi rana.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Rakiya