Shirun Ishaku a Gindin Tsamiya

Zuwa ga Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan lafiya, gero ya fara fid da kai.

Zancen ɗana Ishaku ne. Tun da ya dawo daga makarantar Littafi Mai Tsarki, kullum sai ya ajiye fartanya ya tafi gindin tsamiyar gonar Baba. Ya karanta aya ɗaya, ya rufe littafin, ya zauna shiru, ko leɓe ba ya motsawa. Na ce, "Wace irin addu'a ce ba magana ba waƙa?" Ya ce, "Inna, saurare nake yi."

Fasto ya ce in kwantar da hankalina, wai bimbini ne a kan Maganar Allah. To, Fasto baƙo ne. Bai san a gindin tsamiyar nan kakanmu yake yanka wa iskoki baƙin bunsuru ba, shi ma yana saurare.

Yaron ya rage zafin rai kam, amma ban saki jiki ba. Ki sa shi a addu'a, ki gai da kowa. In kin kira shi, ki tambaye shi muryar wa yake ji.

Ƙanwarki,
Rifkatu