Allurarku Ta Gyara Ƙafa, Ta Ɓata Mini Harshe

Zuwa ga Babban Likita mai zagayen ɗakunan magani na ƙasarmu,

Gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe. Ni ne Bukar Mai-Kanwa na kasuwar Nguru. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, wani ke rubutawa, na kuma sa ya karanta mini sau biyu don kada ya rage wa maganar zafi.

Sana'ata ɗanɗanar kanwa. Shekara talatin ke nan, in raƙuma sun sauke kaya ni ake kira in lasa, in ce wannan ungurnu ce ta miya, waccan ta dabbobi ce, kafin a loda wa jirgin Kano.

Na farko, ba zan ɓoye alheri ba. Gyambon ƙafata, wanda 'yan'uwana na Gashua suka rantse ciwon daji ne, ya kame. Allura shida malamin maganinku ya yanka mini, kowace Talata ɗaya, an kuwa riga an yi mini huɗu.

Na biyu, ga inda muka ɓata. Daga ta uku dasashina ya yi baƙi, yawu ya ƙi tsayawa, harshe ya fashe ta gefe biyu. Tuwo ya gagare ni, goro ya gagare ni. Da na koma na buɗe wa malamin baki, ko mamaki bai yi ba. Wai allurar takan yi haka ga wanda bai kula da bakinsa ba. Wai da na riƙa yin asawaki mai laushi safe da yamma, ina kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, na ajiye goro da taba da barkono. To, ranka ya daɗe, me ya hana shi faɗa tun ranar farko? Ranar nan ƙafata kawai ya duba, sai ka ce ita kaɗai ta zo.

Na uku, zan faɗi nawa laifin, amma ƙarami ne. Da ba a gaya mini komai ba, na daka jar kanwa na cusa a ciwon, don ni ban san abin da kanwa ba ta warkarwa ba. Maƙwabta sun ce har bakin tasha an ji ihuna. Yanzu matata Fanna ke tsare ni da kunu mai sanyi da ruwan gishiri, tana dariya a ɓoye. Ya fara sauƙi, na yarda, ko da yake ban gaya mata ba.

Ga abin da ya sa na yi takarda. Ayarin kanwa na tafe ta wajen Machina, saura kwana goma. In bakina bai warke ba, fatake za su ba Mamman Dogo lasar, mutumin da ko toka aka miƙa masa zai ce ta yi kyau. Wurin nan kuwa in ya zauna, ba ya tashi.

Roƙona biyu ne. A umarci masu allura su riƙa duba bakin mutum, su yi masa gargaɗi tun kafin su soke shi. Sannan ka ba da izini a ɗaga mini allura biyun da suka rage har ayari ya wuce. Malaminku ya ce ba shi da ikon ɗagawa sai da bakinka. In amsarka ta makara, a yi mini afuwa, ranar Talata ba za a gan ni a layi ba. Ƙafa ta yi haƙuri shekara biyu, za ta iya ƙara sati biyu.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare maka bakinka daga irin wannan.

Wassalam.

Bukar Mai-Kanwa, Nguru.