Alƙalin Mansur da Kofin Filasko

Zuwa ga Malam Idris mai filin shawara,

Assalamu alaikum. Malam, ka taimake ni don girman Allah, na shiga uku a ƙasa mai tsarki, kuma ni na jefa kaina. A kwance nake rubuto maka wannan takarda daga unguwar Mansur a nan Makka, zan ba wani alhaji da zai bi jirgin ƙarshe daga Jidda ya kawo maka. Jaridarku tana iso mana, wani lokaci ma a nannaɗe da goro take zuwa, kuma filinka nake fara dubawa.

Ni Bakano ne. Shekara goma sha tara ke nan da na zo aikin hajji ta hanyar Sudan, ban koma ba. Takardar zama, wadda suke kira iƙama, ba ni da ita, kuma rabin unguwarmu haka suke. Shi ya sa in rigima ta tashi tsakaninmu ba ma zuwa wajen 'yan sanda, domin wanda ya je ƙara a kan akuya sai a tambaye shi takarda, kafin ya farga yana cikin jirgin ruwa. Da yake na ɗan taɓa karatu, dattawa suka ɗora mini sasanta mutane, har ake ce mini alƙali. Ba albashi, ba kotu, buzu ne kawai da inuwar bangon masallaci. Wanda na ba gaskiya ya gode, wanda na hana ya yi fushin kwana biyu ya dawo ya gaishe ni.

Sai shekara uku da suka wuce alhazai suka zo mana da labarin zaɓen da aka yi a gida, da jam'iyyu da tuta da lasifika. Kai! Sai mutanenmu suka ce su ma sai sun ɗana. To ba mu da majalisa, ba mu da minista, ni kaɗai ne abin zaɓa a unguwar. Nan take aka rabu gida biyu. Mu da muka zo daga gida ana ce mana 'Yan Koko, su kuma waɗanda aka haifa a nan, masu Hausa rabi Larabci rabi, 'Yan Shayi. Aka ajiye garwa biyu bayan labule, kowane magidanci ya jefa ƙwallon dabino a ta wanda yake so. Na ci zaɓe. An dai sami ƙwallo ɗari huɗu da wani abu, alhali mazan unguwa ba su kai ɗari uku ba, amma da yake garwa biyun duk sun yi ƙiba, ba wanda ya tayar da maganar.

Tun ranar ban ƙara sakewa ba. Duk wanda ya zauna gabana, kafin ya faɗi ƙararsa sai ya tuna mini cewa ƙwallonsa yana cikin garwata. Yanzu wa'adi ya cika, za a sake jefawa ranar Asabar ta biyu a watan Muharram. 'Yan Shayi sun tsayar da wani Abdulganiyyu, mai agogon hannu da ƙamshin turare, wanda bai taɓa raba ko kaji masu faɗa ba. Kuma ba zan ɓoye maka ba, Malam, ina son kujerar nan, ko in ce buzun nan. Ina son in shigo layi a miƙe tsaye.

Ga inda gizo ke saƙar. Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Ɗaso, haifaffiyar nan ce, tana da takardunta cif, kuma gwaggon Abdulganiyyu ce. Sana'arta sayar wa alhazai tsabar da suke watsa wa tantabarun Harami. A kan soronta take shanya tsabar, fiye da shekara ashirin, tantabaru kuwa sun san gidan kamar gidan ubansu. Bara waccan sai Lurwanu mai kilishi ya kama gidan da ke manne da nata. Lurwanun nan shi ne shugaban 'Yan Koko, shi ya yi mini yawon neman ƙwallo gida gida. Da aka dawo daga Mina bana ya kwaso naman hadaya himili guda, ya shimfiɗa a soronsa, wuri bai ishe shi ba ya ɗaura igiyoyi har cikin soron tsohuwa ba tare da ya ce mata ko sannu ba.

Sauran ka sani. Tantabara ba ta cin nama, amma in ta ƙoshi da tsaba sai ta nemi inda za ta sauke, kuma igiyar Lurwanu ta yi musu daidai. Ga shi a nan garin ba a kashe tsuntsu, ba a ko firgita shi. Lurwanu ya hau ya ga aikin da aka yi masa, sai ga takalminsa ya tashi sama, ya kuskure tantabaru ya sauka a kan randar Gwaggo Ɗaso, wadda ta gada wajen uwarta. Randa ta rabe biyu. Da suka zo gabana, ya rantse ba tantabaru ya jefa ba, don ya san haramun ne, ba kuma randa ya nufa ba, ƙafa kawai ya kaɗa takalmi ya kwance. Yana neman in hana tsohuwa shanya tsaba. Ita kuma tana neman a kwance igiya a kawo mata randa.

Malam, ko yaron goye ya san mai gaskiya. Amma ina buɗe baki sai na ga 'Yan Koko sun jeru bayan Lurwanu, kowa yana tauna dabino yana kallona. Wallahi ban san lokacin da na dafe cikina na ce wayyo ba. Aka ɗage shari'a, aka riƙo ni har gida.

Niyyata in kwanta har a yi zaɓe, sannan in warke in yanke hukunci. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne maiɗakina Safara'u. Ta tambaye ni inda yake ciwo, na nuna. Ta dube ni, ta ce cushewar ciki ce, ta fita. Sai ga ta da kofin filasko, wanda Larabawa ke kira sanamakki, baƙi wuluk. Yau kwana tara ke nan, kullum da safe kofi guda, tana tsaye a kaina sai ta ga gindin kofin. Cikin da na yi wa ƙarya yanzu ya zama gaskiya, hanyar bayan gida na fi sani da hanyar masallaci. Ta hana ni komai sai koko tsararo ba sukari. 'Yan dubiya suna ta zuwa, 'Yan Koko da farfesun kai, 'Yan Shayi da shinkafa da rago, wai su ga ko da gaske ne. Safara'u ta karɓa da godiya, ta zauna a bakin ƙofa inda zan gan ta, ta cinye da maƙwabta. Jiya na ce mata na ji sauƙi, ta ce Alhamdu lillahi, in sauƙin ya kai na hawa buzu sai in faɗa mata ta daina dafawa. Baiwar Allah, tausayina take ji, ba ta san komai ba.

Abdulganiyyu kuma yana bin shaguna yana cewa a yi mini addu'a, mutumin da ba ya iya zama minti goma wuri ɗaya bai kamata a wahalar da shi da shari'a ba.

Duk wannan da sauƙi. Shekaranjiya Gwaggo Ɗaso ta aiko mini cewa ta ba ni zuwa Juma'ar jajiberin zaɓe. In ba ta ji hukunci ba, za ta saka mayafinta ta tafi wajen 'yan sanda. Ita ba abin da zai same ta. Amma Lurwanu ba shi da iƙama, masu yi masa yanka su shida ba su da ita, shaidu ba su da ita, alƙalin ma ba shi da ita. In mota ta shigo layin nan ba randa za ta tambaya ba. Tsoro nake ji, Malam, tsoro na gaske. Akwai masu 'ya'ya ƙanana a cikinsu.

In na ba tsohuwa gaskiya, jam'iyyata ta watsar da ni. In na ba Lurwanu, na ci amana a garin da ake ninka zunubi. In na ci gaba da kwanciya, saura kwana goma sha takwas na filasko, kuma ban ga alamar zan kai ba. Yaya zan yi? Don Allah ka sakaya sunana.

Naka cikin damuwa,
Mai Jinya a Mansur

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Alƙali. Sannu da jiki, in dai akwai sauran jikin. Ranar da takardarka ta iso na aika maka da wannan amsa ta jirgin sama, don kada ka jira jarida. Sunanka na sakaya shi, na mutanenka ma na canza su saboda maganar takardu, amma ka sani alƙali ɗaya ne ke shan filasko a Makka bana.

Zan fara da inda kake da uzuri. Son a miƙe maka tsaye ba laifi ba ne, kowa yana so. Kuma ba kai ka ƙirƙiro wannan zaɓe ba. Waɗanda suka ce mai raba faɗa sai ya bi gida gida yana roƙon masu faɗan, su suka fara ɓata lamarin. Lurwanu ma a duba masa: mutum ya sha ranar Mina ya kwaso nama, tsuntsaye sun lalata masa, ga shi ba halin korarsu. Zafin rai ne, ba mugunta ba.

To amma uzuri ya ƙare a nan. Ka san mai gaskiya, kai da kanka ka rubuta. Abin da kake nema wajena dabarar da za ka ci zaɓe ba tare da ka faɗe ta ba, ni kuwa ba ni da ita.

Ga abin yi. Kada ka jira Juma'a. Kafin ka hau buzu, ka taka da ƙafarka ka sami Lurwanu shi kaɗai, ba a gaban magoya bayansa ba. Ka faɗa masa hukuncin da za ka yanke, ka kuma tuna masa wanda za a fara sakawa a mota in tsohuwa ta ɗauki mayafi. Mai sana'a ne, zai gane. Sannan a gaban jama'a: ya kwance igiyarsa daga soron da ba nasa ba, ya kawo sabuwar randa ya ɗauko ta da kansa, ya ba da haƙuri, don randar gado ba a samun irinta a kasuwa. Ita kuma Gwaggo ka roƙe ta, roƙo ba umarni ba, ta riƙa rufe tsabarta a makonnin shanyar nama. Shi ya nemi tsohon gidan sauro ya lulluɓe kilishinsa. Alhazai suna barin su da yawa in za su taho, kuma ba a firgita tsuntsu ko ɗaya ba.

Ba zan yaudare ka in ce gaskiya za ta cika maka garwa ba. Mai yiwuwa ka faɗi. Mai yiwuwa ranar Lahadi ka shigo layi kowa yana zaune, kuma zai yi maka ciwo. Amma ka tuna dalilin da ya sa aka shimfiɗa buzun tun farko: don kada kowa ya je wajen 'yan sanda. Ranar da tsohuwar nan ta tafi can saboda kai kana kwance, buzun ya tashi daga aiki, ko an zaɓe ka ko ba a zaɓe ka ba. In ka ci, shawarar farko da za ka kai wa dattawa ita ce a mayar da garwa biyun nan wajen masu ga-ruwa. In ka faɗi, ka zauna kusa da Abdulganiyyu ka koya masa, zai buƙace ka tun kafin sati ya zagayo.

Saura maganar Safara'u. Malam Alƙali, kai ne ba ka san komai ba. Matar da ta zauna da kai shekaru ta san ciwon cikinka na gaske da na aro. Ka sake karanta abin da ta ce maka game da hawa buzu. A duk unguwar Mansur ita kaɗai ce ta saurari wannan shari'a ta yanke hukunci ba tare da tsoron jam'iyya ba, kuma kullum da safe tana zartar da shi. Ka faɗa mata gaskiya, ka gode mata, ka ci abinci mai nauyi, ka yi wanka ka fita.

Allah ya ba ka lafiya da ƙarfin zuciya, ya rufa asirin mutanenka, ya bar kowa a ɗakinsa tare da 'ya'yansa. In ka je ɗawafi ka saka mu a addu'a. Ka gaida Safara'u, ka ce mata in da mata suna jefa ƙwallo, kuma in da ina Mansur, a garwarta zan saka nawa.

Malam Idris