Ruwan Rijiyarmu Ya Fito Fes

Inna,

Gaisuwa mai yawa daga Dakar. Ya ƙafa, ya su Tanimu da mutanen Barmu? Ni lahiya lau, sai ɗan ciwon kai saboda warin magungunan labo, ɗakin gwaje-gwajenmu na makaranta. In an samu mai tahowa, a ba shi cuku ya riƙo mini.

Albishirinki! Na auna ruwan rijiyar unguwarmu da na taho da shi. In akwai sabulu a ruwa, maganin awon yakan koma shuɗi. Namu bai koma ba, har malamina ya maimaita. Ashe wankau ɗinki bai ɓata rijiyar ba, maƙwabta zargi kawai suka yi.

Ki daina wanki a ɓoye, Inna. Fito da bahonki da rana tsaka, kowa ya gani. Allah ya ƙara girma.

Ɗiyarki,
Haula